Makasan da Suka Gagari 'Yan Sanda, Suka Azurta Marubuta

Daga 31 ga Agusta zuwa 9 ga Nuwamba 1888, an tsinci gawarwakin mata biyar a Whitechapel, unguwar talakawa a gabashin Landan, da kewayenta, kowacce an yi mata yankan rago. 'Yan sanda suka bazama gida-gida, suka yi wa mutum fiye da 2,000 tambayoyi, suka tsare kusan 80, amma har yau ba a gurfanar da kowa ba. Sunan Jack the Ripper da aka laƙaba wa makashin ma daga wata wasiƙa ya fito, wadda aka aika wa kamfanin dillancin labarai na Central News, kuma tun a lokacin wasu manyan jami'ai suna zargin ɗan jarida ne ya ƙaga ta don jarida ta yi kasuwa.

Abin da ya gagari hukuma sai marubuta suka ɗauka. A 1913 Marie Belloc Lowndes ta fitar da The Lodger, labarin mata da miji masu ba da hayar ɗaki da suka fara zargin ɗan hayarsu shi ne makashin da ya addabi gari. Alfred Hitchcock ya mayar da shi fim a 1927. Sai dai a littafin ɗan sanda ɗan rakiya ne kawai, tsoron uwargidan ne ya riƙe labarin.

A Jamus ne jami'in bincike ya dawo tsakiyar fage. A 1926 Ernst Gennat ya kafa sashe na musamman kan kisan kai a rundunar 'yan sandan Berlin. Mutum ne mai ƙiba ainun, mai son kayan zaƙi, amma shi ya hana kuratan 'yan sanda taɓa komai a wurin da aka yi kisa, ya tara bayanan kashe-kashe a kati-kati, ya kuma sa aka haɗa masa mota mai ɗauke da kayan bincike har da keken rubutu. Da Peter Kürten ya shiga kisan ɗauki-ɗai-ɗai a Düsseldorf a 1929, Gennat aka tura. Duk da haka ba basirarsa ce ta kama Kürten ba. Wata mata da ta kuɓuta daga hannunsa ce ta rubuta wa ƙawarta wasiƙa, ta yi kuskuren adireshi, aka buɗe ta, ta faɗa hannun 'yan sanda. An kama shi a Mayun 1930. Shekara ɗaya bayan haka Fritz Lang ya fito da fim ɗinsa M, da wani Sufeto Lohmann wanda aka ɗebo kamanninsa daga Gennat.

Siffar da masu karatu suka fi sani a yau daga Amurka ta zo. A 1972 hukumar FBI ta buɗe sashen nazarin halayyar masu laifi a makarantarta ta Quantico. Daga ƙarshen shekarun 1970 jami'anta biyu, Robert Ressler da John Douglas, suka riƙa shiga gidajen yari suna hira da makasa, har mutum 36. Manufarsu ita ce a dubi yadda aka yi kisa a iya hasashen shekarun mai laifin, da sana'arsa, da irin zaman da yake yi. Thomas Harris, tsohon ɗan jarida mai ɗauko labaran laifuka, ya ziyarci sashen, ya dawo ya rubuta Red Dragon a 1981 da The Silence of the Lambs a 1988. Daga nan aka samu likitan ƙwaƙwalwa mai cin naman mutane, Hannibal Lecter, da ɗalibar makarantar FBI Clarice Starling da ke zuwa kurkuku neman shawararsa. Fim ɗin The Silence of the Lambs na 1991 ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar, marubuta kuwa suka yi ca a kan salon: makashi mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke barin alama da gangan, da jami'i mai damuwa a gida wanda dole ya yi tunani irin na mugu kafin ya cim masa.

Salon yana da daɗin karatu, ba a musu. Amma ya yi wa makasa kwalliyar da ba su cancanta ba, ya kuma ɓoye yadda aikin yake. Peter Sutcliffe, direban babbar mota da ya kashe mata 13 a arewacin Ingila tsakanin 1975 da 1980, sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sallamarsa. Katunan bayanai sun yi yawan da sai da aka ƙara wa daɓen ofishin ƙarfi, ga wani kaset na bogi da ya karkatar da hankalin shugabannin binciken. A Janairun 1981 'yan sintiri suka tsayar da shi a Sheffield saboda lambar motarsa ta jabu ce. Wannan abin kunya ne ya sa Birtaniya ta samar da tsarin kwamfuta na tattara bayanan manyan laifuka, aka kuma raɗa masa suna HOLMES, don tunawa da gwanin binciken nan na ƙagaggun labarai mai wannan suna.

A Amurka ma haka abin yake: David Berkowitz, makashin New York, takardar tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba ce ta kai gare shi a 1977. Dennis Rader na Wichita ya kashe mutum goma daga 1974 zuwa 1991, ya yi shiru na shekaru, sannan son a san da shi ya sa ya dawo yana aika saƙonni. Har tambayar 'yan sanda ya yi ko za a iya gano shi idan ya aiko da faifan kwamfuta. Suka amsa ta cikin jarida cewa babu komai, ya aiko. A cikin faifan aka tarar da sunansa na farko da sunan cocin da yake shugabantar majalisarta, aka kama shi a Fabrairun 2005.