Sarewa da Goge: Yadda Kasuwa Ta Haɗa Su a Turai

Har gobe malaman kiɗa a Turai suna miƙa wa ɗalibai tsofaffin takardun kiɗan mutum biyu, ɗaya da sarewa ɗaya da gogen Turawa, masu sharhi kuma suna ta yi musu kallon raini, wai abin 'yan koyo ne. Sun yi gaggawa.

Mafarin abin a dushe yake. Mai tsara kiɗa Telemann ya fitar da kiɗe-kiɗen sarewa biyu ko goge biyu a Hamburg a 1727, C.P.E. Bach kuma ya rubuta na sarewa da goge a 1748. Amma sai a shekarun 1780 da 1790 abin ya cika kasuwa.

Wasu na jingina wannan ga Sarki Frederick na Farusiya, gwanin busa, wanda malaminsa Quantz ya wallafa littafin koyon sarewa a 1752. Ni dai ban gamsu ba. Sarkin da makaɗan fada ke raka busarsa da yamma ba shi ne mai cinikin kiɗan mutum biyu ba. Mai cinikin shi ne lauya ko ɗan kasuwar Viyana da ya mallaki sarewar katako mai maɓalli ɗaya, ga maƙwabci mai goge, ga dogon daren hunturu.

A duba waɗanda suka fi zuba irin wannan kiɗa. Hoffmeister ya buɗe maɗaba'a a Viyana a tsakiyar shekarun 1780, Pleyel almajirin Haydn ya buɗe tasa a Faris a 1797. Su ne masu tsarawa, su ne masu sayarwa. Layin kiɗa biyu kacal ba ya cin kuɗin sassaƙa a farantin bugu, kuma sau da yawa a bango sai a rubuta cewa sarewa ko goge duk za su iya, don masu saye su ninka. Wayo ne, amma kayan sun dace da juna: goge na sauka ƙasa inda sarewa ba ta kaiwa, yana jan tsirkiya biyu lokaci guda, in mai busa ya tsaya jan numfashi sai ya karɓe amon.

Mozart ma bai tsira daga masu maɗaba'a ba. A wasiƙarsa ta 1778 daga Mannheim ya koka wa mahaifinsa cewa ba ya jure sarewa. Ya rasu a Disambar 1791, shekara na zagayowa masu maɗaba'a sun riga sun yayyanka waƙoƙin wasansa na ƙarshe, Die Zauberflöte, sun mai da su na sarewa biyu ko goge biyu.