Yadda Aka Gano Amfanin Majinar Hanji

Tun zamanin da mutane sun san atuni, watau zawon nan mai zuwa da jini da majina. Likitocin da kuwa, kowa suka gani da irin wannan zawo sai su ce atuni ne. Ana nan har shekarar 1859, sa'ad da wani likita a birnin Landan, wai shi Samuel Wilks, ya duba hanjin wata mace da ta rasu, ya tarar duk ya yi gyambo, ya ce lalle wannan wata cuta ce dabam. A 1932 kuma Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu a Amurka suka ba da labarin majiyyata 14 masu kumburi a ƙarshen ƙaramin hanji. Waɗannan cututtuka biyu su ake haɗawa a kira su ciwon kumburin hanji. Ba a ɗaukarsu daga wani, amma sukan lafa su sake tashi, shekara da shekaru.

Duk wannan zamani yawancin likitoci ba su ɗauki majinar a bakin komai ba, sai alamar cuta kurum. A 2006 masana a ƙasar Holan suka duba waɗansu ɓeraye da aka hana jikinsu yin wannan majina, sai ga hanjinsu ya kumbura da kansa. A 2008 Malin Johansson da Gunnar Hansson na ƙasar Suwidin suka nuna majinar babban hanji shimfiɗa biyu ce. Ta sama sakwa-sakwa take, a cikinta ƙwayoyin nan masu rai da ido ba ya gani suke zaune, ba su ƙidayuwa. Ta ƙasa kuwa mai kauri ce, manne da naman hanji, ba ta barinsu su wuce. A 2014 suka tarar masu gyambon babban hanji, in ciwon ya tashi, ƙwayoyin kan ratsa ta har su taɓa naman. Daga nan sai jiki ya tashi yaƙarsu, yaƙin kuwa shi ke kawo kumburi da gyambo.

Ashe majinar nan ganuwa ce, ko da yake gado ma yana da hannu a ciwon. Saboda haka wanda ya daɗe yana ganin jini da majina a bayan gida, maganin atuni kuma bai yi masa ba, kada ya zauna, ya tafi asibiti a duba hanjinsa.