Allurar Ciro Tsoka Bisa Jagorancin Hoto da Mas'alar Ƙarin Ƙirji Tsakanin Masu Niƙan Dutsen Zinare a Yankin Yargalma

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin allurar da ake sokawa ta bangon ƙirji, ana kallon hanyarta a na'urar hoto, domin ciro ɗan yankin tsoka daga ƙarin huhu. An gina ta bisa abin da ya tabbata a rubuce-rubucen likitanci da tarihin aikin zinare a Anka da Bukkuyum da maƙwabciyarsu Gummi. Da'awarta ita ce, inuwar da ke bayyana a hoton ƙirjin tsohon maniƙin dutse tana ɗaukar fassara uku, kuma ba ya halatta a yanke hukunci da ɗaya sai an kore sauran biyun da hujja.

Asalin Mas'alar

A shekarar 2010, sa'ad da likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna mutuwa a Yargalma da Dareta da wasu ƙauyukan da ke kewaye, bincike ya nuna cewa gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinare, wanda ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje da injinan da aka yi domin hatsi. Yaran da suka rasu ba su gaza 400 ba. Hankalin duniya ya tafi ga dalma, kuma haka ya dace, domin ita ce ke kisa a lokacin. Sai dai ƙurar nan da ta ɗauko dalma ta ɗauko wani abu na biyu mai jinkirin illa, wato silika, sinadarin da ke cikin farin dutse, wanda idan ya shiga can ƙuryar huhu ba ya narkewa, sai jiki ya yi ta naɗe shi da tabo har huhun ya sandare. Wannan cuta, da ake kira silikosis, galibi ba ta bayyana sai bayan shekara 10 zuwa 20 da fara shaƙar ƙurar. Wanda ya yi lissafi daga 2010 zai ga cewa wa'adin ya riga ya shigo.

Idan tsohon maniƙin dutse ya zo asibitin Anka ko na Gummi da tari da rama da sarƙewar numfashi, aka ɗauki hoton ƙirjinsa aka ga dunƙule a saman huhu, zato na farko tarin fuka ne, kuma zato ne mai ƙarfi, tun da Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, mai silikosis kuma haɗarin kamuwarsa da ita ya kai ninki uku na waninsa. Zato na biyu shi ne tabon silikosis ɗin ne ya haɗe ya zama curi babba, wanda yakan fito a saman huhu biyu, amma wani lokaci ya fito a ɗaya kaɗai har ya rikita ƙwararre. Na uku sankara ce, domin tun 1997 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne, ukun suna iya haɗuwa a ƙirji ɗaya, kuma mutum yana iya shafe wata 6 yana shan maganin tarin fuka bisa zato alhali sankara na yaɗuwa a ɓoye, har lokacin da fiɗa za ta yi amfani ya wuce.

Yadda Ake Aikin

Dabarar tsohuwa ce. Leyden ya soka huhu da allura a Jamus a 1883 yana neman ƙwayoyin cutar namoniya, Ménétrier ya gano sankara ta wannan hanya a 1886. Amma aikin bai zauna da gindinsa ba sai da Dahlgren da Nordenström na Suwidin suka haɗa shi da hoton eksire a shekarun 1960, sa'an nan Haaga da Alfidi suka yi shi da na'urar siti-sikan a Amurka a 1976.

Ana fara da auna daskarewar jinin majiyyaci, a kwantar da shi ta fuskar da ƙarin ya fi kusa da fata, a kashe zafin wurin, sa'an nan a bi da allurar ta saman gefen haƙarƙari, saboda jijiyoyin jini suna bin ƙasansa ne, yana riƙe da numfashinsa duk lokacin da aka umarce shi. Siririyar allura tana zuƙo ƙwayoyin halitta kawai. Mai kauri tana yanko zaren tsoka, wanda shi ne ke ba masanin tsoka damar bambance nau'in sankarar, da gane sankarar kaluluwa idan ƙarin yana tsakiyar ƙirji. A nan akwai wani sharaɗi da ya wajaba a yankinmu: a raba abin da aka ciro gida biyu, kashi ɗaya cikin ruwan fomalin, ɗayan cikin ruwan gishiri domin gwajin tarin fuka, tun da fomalin yana kashe ƙwayar cutar, ba za ta tsiro a ɗakin gwaji ba.

Maslaha da Mafsada

Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa allurar tana kama kimanin kashi 90 cikin 100 na sankarar huhu, kuma da wuya ta ce sankara ce alhali ba ita ba ce. Shaidarta kamar ta shaidu ce a gaban alƙali: idan ta ce ta gani, an sami bayyina, idan ta ce ba ta gani ba, wannan bai isa ya wanke wanda ake tuhuma ba. Ga maniƙin dutse wannan ya fi tsanani, domin allurar tana iya faɗawa cikin tabo ta ciro shi, sankarar kuwa tana gefe da ɗan yatsa guda. Saboda haka sakamakon da bai ambaci wata cuta takamaimai ba yana wajabta a sake hoto bayan 'yan watanni, ko a maimaita aikin.

Babbar illar allurar ita ce iska ta kuɓuce ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, abin da ke samun kusan mutum 1 cikin 4 idan an yi amfani da allura mai kauri, ko da yake waɗanda ke buƙatar a sa musu bututun fitar da iska ba su wuce 5 ko 6 cikin 100 ba. Waɗannan alƙaluma daga asibitocin Turai da Amurka da Asiya aka samo yawancinsu, kuma ƙiyasin su kai tsaye a kan huhun da ƙura ta cinye ƙiyasi ne mai rauni, domin wanda ba shi da rarar numfashi, ɗan abin da wani zai jure shi zai iya halaka shi. Ga kuma nisa. Iskar takan taru ne cikin sa'o'in farko, amma tana iya jinkiri. Mutumin da aka sallama daga Sakkwato ko Gusau ya kama hanyar Bukkuyum da yamma, a wannan hali na rashin tsaro, ba shi da inda zai nufa idan numfashi ya ƙi da tsakar dare. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a kwantar da irinsa dare ɗaya, ko da hoton bayan aiki ya fito lafiya.

Tsarin da Ya Dace da Yankin

Matakin farko tambaya ce da ba ta cin ko kwabo: ka taɓa haƙa ko daka ko niƙa, shekara nawa, a bushe ko a jiƙe? A yi ta ga mata ma, domin a cikin gida aka yi yawancin dakan. Bayanta gwajin kaki domin neman tarin fuka da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010. Idan kaki bai nuna komai ba, ko majiyyaci ya yi wata 2 yana shan magani babu sauƙi, sai a tura shi inda akwai siti-sikan da masanin tsoka, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Akwai kuma abin da za a iya matso da shi kusa. Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita ba ta ganin abin da iska ta lulluɓe, amma ƙarin da ya manne da tantanin huhu ko ya fito a bangon ƙirji tana ganinsa sarai, kuma da yake allurar ba ta ratsa huhu mai iska, haɗarin ya ragu ƙwarai. Likitan babban asibiti da aka horar, yana da iskar oksijin da bututun ƙirji a gefensa, zai iya ciro tsokar a Anka ko Gummi a aika da kwalbar Sakkwato, majiyyacin ya jira sakamako a tsakiyar iyalinsa.