Jinyar Surukai a Ƙasar Kura da Bunkure: Daga Zamanin Gandu zuwa Zamanin Noman Rani

A ƙauyukan Kura da Bunkure, waɗanda ke kudu da birnin Kano, tsayuwar miji ko mata a kan jinyar suruki tsohuwar al'ada ce wadda ta ginu a kan abubuwa uku, wato hukuncin shari'a, da kunyar da ke tsakanin surukai, da kuma yadda shekarar manomi ta rabu zuwa damina da rani. Biyun farko sun fi ɗorewa, amma na ukun ya sauya ƙwarai tun daga shekarun 1970, kuma sauyin nasa ya taɓa yadda ma'aurata ke ɗaukar nauyin juna idan ciwon ajali ya kama mahaifin ɗayansu.

Kafin zuwan madatsun ruwa, yawancin gidaje suna zaune ne a tsarin gandu, wato haɗakar noma da ci tsakanin uba da 'ya'yansa maza masu aure, a gona ɗaya da rumbu ɗaya. Saboda amarya gidan iyayen miji take tarewa, ita ce kan dama wa tsoho kunu, ita ce kan yi wa uwar miji wanka da wanki idan ta kwanta, duk da cewa malaman fiƙihu ba su wajabta mata wannan hidima ba, sun ɗauke ta ne a matsayin kyautatawa. Shi kuwa miji, kunya ta hana shi sakewa a gaban iyayen matarsa, domin ba ya kiran sunansu, ba ya cin abinci a gabansu, kuma a durƙushe yake gaishe su, don haka taimakonsa yakan zo ne daga nesa: ya ba ta izinin tafiya jinya, ya aika da damin gero da itacen girki, ya nemo rubutun sha wajen malami, ya kuma riƙa zuwa dubiya yana tsayawa a zaure. Izinin nan yana da nauyi a gidajen da ake kulle, inda matar aure ba ta fita sai da yardar miji, sai dai mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, ba ta yarda miji ya hana matarsa amintacciya ziyarar iyayenta ba. Idan da abokiyar zama, ita ke karɓar girki da renon yara har mai jinya ta dawo.

Abin da ya sauƙaƙa wannan tsari shi ne rani. Da zarar an gama kaka, aikin gona yakan tsaya na watanni, maza su koma ga saƙa da fatauci da rini, wanda Kura ta yi suna da shi saboda turkuɗin da ake kai wa Buzaye, mata kuma su sami sararin ganin gida, wato doguwar ziyarar da matar aure kan kai wa danginta. Idan kuwa ciwo ya faɗo da damina, 'yan'uwan gandu sukan rufe gurbin wanda ya tafi, ko kuma suruki ya kira gayya, wadda ita ce taron aikin taimako, a nome gonar tsohon da ke kwance.

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, sannan hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamar aikin, wanda aka tsara kashinsa na farko zai kai kimanin hekta 22,000. Daga nan sai rani ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa, damina kuma ta zama ta shinkafa, ta yadda shekara ba ta da sauran watan hutu. Amfanin ban-ruwa ba ya jira, domin wanda ya bar ranar ruwansa ta wuce ko ya bar tumatir ya nuna a gona ya yi asarar jarin taki da iri da ya zuba. Haya da jinginar gona sun yawaita, samari sun sami hanyar kuɗi ba tare da jiran uba ba, gandu ya yi rauni, ƙwadago kuma ya maye gurbin gayya a wurare da dama.

Mata ma sun shiga wannan hada-hada. Binciken da Cecile Jackson ta wallafa a 1985 ya nuna cewa matan kulle na yankin sun ƙara samun ciniki ta hanyar sayar da dafaffen abinci ga masu aikin gona, daga baya kuma turara shinkafa ta zama babbar sana'ar mata a Kura. Sakamakon haka, matar da ta tafi jinya tana barin ciniki a baya, amma kuma tana tafiya da kuɗin kanta, tana iya saya wa mahaifiyarta magani ba tare da jiran miji ba. A ɓangaren maza, damin gero ya koma kuɗin mota da na gado da na ƙarin jini, musamman da aka saba kai tsofaffi babban asibitin Kura, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da aka kafa a 1988, inda sai an sami wani ɗan'uwa ya kwana da marar lafiya. Surukin da a da kunya kan tsayar da shi a zaure, yanzu shi ne kan ɗauki tsoho a mota, ya bi layin magani, ya saurari bayanin likita, wani lokaci ma ya riga matarsa sanin cewa ciwon ba na tashi ba ne.

Ko da ya sani, al'ada ba ta ba shi damar faɗa mata kai tsaye ba. Yakan ce jiki ya yi tsanani, ya kamata ta matsa kusa, masu dubiya kuma su ce "Ya mai jiki?", a amsa musu da "Da sauƙi", su ƙara da "Allah ya sa kaffara ne". Manufar wannan lafazi ita ce a ba ɗa ko 'ya damar neman gafarar mahaifi da jin wasiyyarsa, da kasancewa kusa lokacin da za a fuskantar da shi alƙibla a laƙanta masa kalmar shahada, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta koyar.

Bayan rasuwa, wa'azin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya sa gidaje da yawa sun taƙaita zaman makoki zuwa kwana uku, sun bar sadakar bakwai da ta arba'in, yayin da wasu ke ci gaba da yi. Duk da wannan saɓani, ma'aunin da jama'ar yankin ke auna suruki da shi bai sauya ba. Noman rani ya sa lokaci ya yi tsada fiye da hatsi, saboda haka magidancin da ya ɗauki ɗan ƙwadago ya tsare masa ruwa don ya raka matarsa jinya ya fi samun yabo a kan wanda ya aika da kuɗi kawai.