Ingarma a fada, goɗiya a ƙauye: tarihin kiwon doki a ƙasar Hausa

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana su. An yi murna, kuma murnar ta dace. Amma duk mai zama da masu barga ya san cewa da yawa daga cikin dawakin da ake taƙama da su ranar Hawan Daushe ba a nan aka haife su ba. Wannan ɗan Sudan ne, wancan daga Chadi aka kawo shi, na 'yan wasan polo kuwa har daga Ajantina ake ɗauko su. Ƙasar da ke da Madawaki da Ubandawaki da Shamaki, ke da garuruwa irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, yau sayen doki take yi. Yaya aka yi haka?

Dokin farko na wannan yanki ƙarami ne, irin wanda muke kira kuru, ana hawansa ba sirdi. Ya daɗe a hannun Birom da maƙwabtansu a tsaunukan Filato, har yanzu kuma akwai irinsa a wajen Musey na iyakar Chadi da Kamaru. A labarin Bayajida ma, da dabbar hawa ya iso Daura. Babban doki mai ɗaukar barde da kayan yaƙinsa daga baya ya zo, ta hanyoyi biyu: na Arewacin Afirka ya ratso Sahara ta Azbin, ɗan Dongola mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen hanci kuma ya biyo gabas, ta Darfur da Wadai zuwa Barno.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Kuru ba zai iya da wannan nauyi ba, don haka a lokacin babban doki ya riga ya samu gindin zama. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta cewa Mai na Barno yana sayen doki ɗaya daga fataken arewa da bayi 15 zuwa 20. Abin baƙin ciki ne a karanta, rayukan mutane ashirin a kan dabba guda.

Daga wannan labari ne wasu suke cewa ai dama can sayowa muke yi, ba mu taɓa zama masu kiwo ba. Ban yarda da su ba. Shi wancan littafi na Kano ya nuna Kanajeji yana aika dawaki Kwararrafa, daga baya kuma daular Oyo, wadda sammore ya hana ta kiwo, daga arewa take samun nata ta ƙasar Nufe. Wanda ba ya kiwo ba ya ciyar da kasuwar wasu ƙarni bayan ƙarni. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya kiyasta Sarki zai iya fitar da mahaya 7,000. Babu ayarin raƙuma da zai jawo wannan adadi ta cikin hamada, ya kuma riƙa maye gurbin waɗanda yaƙi da cuta suka ci. Waɗanda aka sayo iri ne. Yawan kuwa a gida aka haifa.

Su wa suka haifar? Larabawan Shuwa a Barno, Buzayen Azbin, mutanen Arewa ta wajen Dogon Dutsi, da Sulluɓawa, har akwai nau'in doki da ake kira da sunansu, sai kuma manoman ƙauye masu goɗiya ɗaya ko biyu a bayan gida. A nan ne nake ganin bakin zaren yake. Basarake da barde ingarma suke hawa, ba a dandaƙe shi, goɗiya kuwa ba abin hawan mai girma ba ce. Saboda haka barga ta fada gidan maza ce, uwaye suna can karkara hannun talakawa. Girma ya tsaya wuri guda, aikin ya tsaya wani wurin.

Aikin kuma ba ƙarami ba ne. Goɗiya wata 11 take ɗauke da ciki, ɗa guda take haifa, galibi cikin dare. Duƙushi mai lafiya yana miƙewa cikin awa ɗaya ko biyu ya nemi nono, kuma rayuwarsa ta rataya a kan wannan shan farko. Ba a haifarsa da kariyar cuta daga jinin uwa. A dakashi yake samunta, hanjinsa kuma yana daina karɓarta kafin ya cika kwana ɗaya. Wanda ya makara, ciwon cibiya ko zawo ko kumburin gaɓoɓi ne ke tafiya da shi. Sannan uwa mai shayarwa tana buƙatar harawa da dawa da dusa da kanwa daidai lokacin da rani ya ƙone ciyawa, shi ya sa mai dabara yake haɗa barbara yadda haihuwa za ta faɗo kusa da damina. Ana yaye shi wajen wata shida, kuma ƙashinsa bai ƙosa a ɗora masa nauyi ba sai ya kai shekara uku zuwa huɗu. Ina jin zafi in na ga yaro ya ɗora sirdi a kan ɗan shekara biyu yana kilisa a kan kwalta. Ƙafafun nan ba za su kai shi tsufa ba.

Ana ba da dalilai biyu na lalacewar kiwo. Na farko cuta, wato sammore da annobar dawaki da ƙananan ƙwari ke yaɗawa da damina. Gaskiya suna kisa, amma suna nan tun zamanin Kanajeji, ba su kuma hana kiwo a Katsina ko Gobir ba. Na biyu shi ne 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi hannun Turawa, mahayan Kano kuma suka kai hari a Kwatarkwashi bindiga ta karya su. Sai jirgin ƙasa, sai mota. Wannan ya fi ƙarfi, amma bai isa ba. Sha'awar doki ba ta mutu ba: an yi babban hawa a Kano a 1925 don Yariman Ingila, an yi a Kaduna a 1956 da 1977, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa polo a masarautarsa, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a ciki. Masu saye suna nan. Wanda ya janye shi ne manomin nan mai goɗiya, da ya ga babur da shanun huɗa sun fi masa amfani, gonaki sun cinye makiyaya, kuma ba shi da sarauta ko kirari da za su sa ya jure asara.

Shi ya sa mai kuɗi a yau yake nufar kasuwar Maigatari ko ya aika dillali Chadi. In ya haɗa barbara bana, sai ya ciyar da uwa da ɗa kusan shekara biyar kafin ya samu abin hawa. Dillali kuwa cikin 'yan makonni zai ɗaure masa ingarma a turke, Sallah tana ƙaratowa.