Nazarin Harshen Jamusanci da Al'adun Jamusawa a Jami'a

Jamusanci shi ne harshen hukuma a ƙasashen Jamus da Ostiriya, kuma yana daga cikin harsunan hukuma a Suwizalan da Beljiyam da Luksambok. A Nijeriya ana koyar da shi har matakin digiri a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Ɗalibi yana iya ɗaukarsa a matsayin babban darasinsa, ko kuwa ya haɗa shi da wani fanni kamar tarihi a matsayin ƙaramin darasi.

Da yake ba kasafai ake koyar da harshen a makarantun sakandare ba, akasarin ɗalibai daga tushe suke farawa, kuma nahawu ne ke cin shekarun farko. Hausa tana raba sunaye gida biyu, namiji da mace. Jamusanci kuwa gida uku ne, har ma kalmar da ke nufin yarinya tana cikin gida na ukun, wanda ba namiji ba mace. Bayan ɗalibi ya zauna da gindinsa sai a shiga adabin marubuta irin su Goethe da Schiller da Brecht, da fassara, da tarihin ƙasar, musamman rabuwarta gida biyu a 1949 da sake haɗewarta a 1990.

Ga ɗan ƙasar Hausa, fannin yana da wani amfani na daban, wanda ya fi ƙarfi ga mai haɗa shi da tarihi ko nazarin harshe. Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, kuma bayanansa kan kasuwancin birnin da rini da saƙa sun fito cikin mujalladi 5 tsakanin 1857 da 1858. Wannan aikin akwai shi da Turanci, amma ƙamusun Hausa da Adam Mischlich ya wallafa a 1906 da Jamusanci yake bayani, haka ma wasu rubuce-rubucen masanan Jamus na wancan zamani. Manazarcin da bai iya harshen ba sai dai ya dogara da abin da wani ya tsakuro masa.

Cibiyar Goethe da ke Legas tana shirya jarrabawar ƙwarewa daga matakin A1 zuwa C2, hukumar DAAD kuma tana ba da tallafin ƙaro ilimi a Jamus. Waɗanda suka kammala sukan samu aikin koyarwa, tafinta, ko aikin jarida a kafofi irin su Deutsche Welle, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1963.