Rabon Aiki Tsakanin Kayan Kiɗa a Faifan OK Computer na Radiohead

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta faifan OK Computer (1997) da fayafayai biyu da ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta fitar kafinsa. Ta nuna cewa bunƙasar ƙungiyar ta samo asali ne daga yadda makaɗanta suka daina bin sawun juna.

Gabatarwa

Sharhin da aka saba yi wa OK Computer ya fi karkata ga jigonsa, wato fargabar na'ura da kaɗaicin rayuwar zamani. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da "Fitter Happier", inda muryar kwamfutar Macintosh ke karanta baitoci. Hujjar ba ta da ƙarfi. Wannan waƙa ba ta kai minti biyu ba, kuma kaɗaici ba baƙo ba ne a bakin mawaƙin ƙungiyar, Thom Yorke, domin tun a waƙar "Creep" ta 1992 yake kukansa. Idan jigo bai sauya sosai ba, dole a nemi sauyin a wani wuri.

Hanyar Bincike

An saurari waƙoƙi 36 na Pablo Honey (1993) da The Bends (1995) da OK Computer, ana bin kowane abin kiɗa shi kaɗai.

Sakamako

A Pablo Honey, jita uku na Yorke da Jonny Greenwood da Ed O'Brien sukan taru a kan amo ɗaya don ƙara kauri. A The Bends suka fara rabuwa, a OK Computer kuwa kowa ya kama gabansa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar "Let Down". Gangar Philip Selway tana tafiya da ƙidayar huɗu-huɗu, jitar Jonny tana zagaye da biyar-biyar. Biyar da huɗu ba sa haɗuwa sai a ashirin, don haka jitar kan faɗo a sabon gurbi duk zagaye, tana wuce ganga ko ta tsaya a bayanta. Mai sauraro ba ya ƙirga wannan, amma yana jin kamar ƙasa na zamewa ƙarƙashinsa. Rashin natsuwar da masu sharhi ke jingina wa kalmomi, kiɗan ya riga ya dasa ta kafin Yorke ya buɗe baki. Abin lura shi ne wannan zamewa ba ta buƙaci wata na'ura ta musamman ba, jita ce da ganga kawai.

Haka rabon aikin yake a "Airbag", inda aka yayyanka bugun Selway aka sake jera shi bisa salon makaɗi DJ Shadow, ita kuma jitar bas ta Colin Greenwood tana shiga tana fita, shirunta ya kusa kai kiɗanta yawa. A "Climbing Up the Walls" goge 16 ne ke fitar da amo mabambanta masu kusanci da juna, dabarar da Jonny ya koya daga mai tsara kiɗa Krzysztof Penderecki na Folan.

Iyakar Bincike

Kunne kaɗai aka dogara da shi, kuma faifan da aka riga aka gauraya ba ya bayyana hannun kowa dalla-dalla. Wani na iya cewa rabon aikin dabarar Nigel Godrich ce, wanda ya naɗi yawancin OK Computer a gidan St Catherine's Court kusa da Bath. Yana da nasa kason. Sai dai John Leckie ne ya jagoranci The Bends, kuma tun can jitocin suka fara rabuwa.